Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Ciwon da Aikin Haƙori Ke Jawowa

Tambaya: Likita, ina aiki a asibitin haƙori a Zariya. Kullum na tashi aiki wuyana a sanƙare yake.

Amsa: Hajiya, sunkuyo ne ya yi yawa. Ki daidaita kujerar maras lafiya har bakinsa ya zo daidai gwiwar hannunki, haƙoran sama kuma ki dube su ta madubi, ki daina leƙe. In ciwon ya fara sauka hannu, ki je a duba ki.

Tambaya: Aiki a tsaye ya fi, ko a zaune?

Amsa: Ka riƙa sauyawa. Daɗewa a wuri ɗaya ne ke gajiyar da baya.

Tambaya: Shekarata 6 ina kankare dattin haƙora. Yanzu yatsuna na mutuwa da dare, har kayan aiki na suɓuce mini. Ina shan haɗin kemis, wanzami kuma ya ce mataccen jini ne, ya yi mini ƙaho.

Amsa: Malam, wannan tambayar ta tayar mini da hankali, don hannunka shi ne abincinka. Akwai jijiyar da ke ratsa wani matsattsen wuri a wuyan hannu. Damƙe siririn ƙarfe awa da awa, da lanƙwasa hannu, da girgizar inji, su ke kumbura wurin har ya matse ta. Sai babban yatsa da manuni da na tsakiya su riƙa mutuwa, musamman da dare. Babu jinin da ya kwanta a nan, ƙaho kuwa rauni kawai zai ƙara maka, in askar ba tsafta ya haɗa ka da ciwon hanta.

Haɗin nan kuma, don Allah ka ajiye shi! Sau da yawa diclofenac ne da dexamethasone a ciki. Na farkon na cin ciki da ƙoda, na biyun na hawar da suga da jini, ya raunana ƙashi. Zafi zai lafa, jijiyar na ci gaba da lalacewa. In ka daɗe kana sha kada ka yanke kwatsam, likita ne zai rage maka a hankali. Ka nemi kayan aiki masu kaurin mariƙi, ka riƙa wasa su, ka sassauta riƙo, ka ɗaura takalmin hannu, wato abin da ke riƙe wuyan hannu a miƙe, da dare. Tunda har kaya na suɓucewa, ka je asibiti cikin makon nan. Kada ka jira tsokar gindin babban yatsa ta zube.

Tambaya: Allurar da na yi wa wani ta soke ni. An ce in matse jinin in zuba bilic.

Amsa: Subhanallah, bilic? Ki wanke da sabulu da ruwa kawai, ba matsewa. Ki tafi asibiti yau ɗin nan: maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. A duba ko kin cika allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, guda 3 ce. Ki daina rufe allura da hannu biyu, kuma yau za ki je, ba gobe ba.