An karɓe makullin kanti daga hannuna a Garwa, ina zan dosa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Garwa, da mata da yara biyu. Shekara 4 na yi a wani babban kantin kayan masarufi, biyun ƙarshe ni ne shugaban ma'aikata shida, makullin sito a hannuna, albashina sefa 130,000. A watan Afrilu aka ɗauke wuta da dare, ban koma na tabbatar an tayar da janareta ba, kifi da kajin firiza suka lalace. Da aka ƙirga kaya kuma sai aka ga giɓin sefa 210,000. Wani sashe bashi ne da na ba wani dattijon unguwarmu ban rubuta ba, sauran ban san inda ya shiga ba, don nakan bar wa yaran kanti makulli in zan tafi sallah. Maigidan ya ce in ajiye makulli in tafi, ya riƙe albashin watan, bai ba ni takarda ko ɗaya ba. Wallahi ban ci ko dala ba. Yau sati uku ina fita da safe kamar mai zuwa aiki don kada iyalina ta gane. Ina da wani haƙƙi? Kuma wa zai sake ɗaukata?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Na daɗe ina aikin kula da sha'anin ma'aikata a nan arewacin Kamaru, na sha zama da wanda aka sallama, na sha zama da wanda ya sallama. Kana da haƙƙi, kuma ya fi yadda kake zato. Da shi zan fara, domin shi ne mutanenmu suka fi saki saboda kunya, su ce sun bar wa Allah, alhali abincin 'ya'yansu ne suka bari a aljihun wani.

Dokar ƙwadago ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Agusta 1992, ba ta san sallamar baki ba. Sashe na 34 ya ce wanda zai raba gari da ma'aikaci sai ya sanar da shi a rubuce, ya faɗi dalili, ya kuma ba shi wa'adi, abin da ake rubutawa préavis a takardunmu. An kasa ma'aikata aji-aji, kuma wanda ya yi tsakanin shekara 1 zuwa 5 a aiki, in ajinsa na 1 zuwa na 6 ne, wa'adinsa wata ɗaya ne. In ajinsa na 7 zuwa na 9 ne, inda shugabannin ma'aikata da yawa suke, wata biyu ne. Duba takardar albashinka za ka ga ajinka. In aka ce tafi yau ba a bar ka ka yi wa'adin ba, sai a biya ka kuɗinsa. Bayan haka akwai kuɗin sallama ga duk wanda ya cika shekara 2 a jere. Mafi ƙarancinsa kashi 20 cikin 100 na albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, wato a lissafinka sefa 26,000 sau huɗu, 104,000 ke nan, kuma yarjejeniyar ma'aikatan kasuwanci tana iya ba ka fiye da haka. Sai kuɗin hutun da ba ka ci ba, wanda ake tara maka kwana ɗaya da rabi kowane wata.

Ƙofa ɗaya ce maigidan yake da ita ta hana ka kuɗin wa'adi da na sallama: ya ce ka yi babban laifi, wanda dokar ta kira faute lourde. A nan ne shari'arka take, don haka ka nutsu. Faɗar maigida ba ita ce hukunci ba. Kotu ce ke auna girman laifin, kuma sashe na 39 ya ɗora wa mai aiki nauyin kawo hujjar cewa dalilin sallamar halattacce ne. Ba zan rufe ka ba: barin firiza ba wuta a zafin Afrilun Garwa sakaci ne, barin makulli a hannun yara sakaci ne, kuma in aka haɗa su suna iya zama dalilin sallama da kotu za ta karɓa. Amma dalilin sallama daban, babban laifi daban. Wanda ya shekara huɗu ba a taɓa rubuta masa gargaɗi ba, ba a taɓa dakatar da shi ba, ba a kama shi da kaya a hannu ba, yana da bakin magana. In kuwa kotu ta ga an kore ka ba bisa ƙa'ida ba, diyyar ba ta gaza albashin wata uku, ba ta kuma wuce wata ɗaya a kan kowace shekarar aiki.

Albashin da ya riƙe kuwa, ko da an tabbatar da babban laifi, naka ne. Ka yi aikin watan. Dokar ta hana mai aiki cin ma'aikaci tara, ta kuma ƙayyade hanyoyin da ake yankar albashi, babu inda ta ce maigida ya yanke wa kansa hukunci ya biya kansa. In yana ganin yana bin ka, ga ofishin sufeton ƙwadago, ga kotu. Haka takardar shaidar aiki, certificat de travail: dole ne ya ba ka, komai dalilin rabuwarku, kuma abin da ake rubutawa a ciki ranar shigarka ne da ranar fitarka da muƙaman da ka riƙe. Ba a rubuta laifi a cikinta. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su ƙi zuwa karɓa don tsoron abin da za su gani.

Akwai wuri ɗaya da nake jin tsoro a labarinka, bashin dattijon nan. Ka fitar da kayan da aka ba ka amana ba da izini ba, ba rubutu. Kai ka san kara ka yi, amma a takarda yana kama da cin amana, wanda sashe na 318 na kundin hukunta laifuffuka ya tanadar wa hukunci. Kada ka jira a kai maganar wurin 'yan sanda. Ka je wurin dattijon tare da wani babba da yake jin nauyinsa, limami ko mai unguwa, a faɗa masa gaskiya cewa bashinsa ya ci aikinka. Abin da ya biya, a kai kanti gaban shaida, a karɓi rasit. In ba zai iya biya gaba ɗaya ba, ya sa hannu a takarda cewa shi ya karɓi kaya na kuɗi kaza ranar kaza. Takardar nan ita ce za ta raba sunanka da sata.

Hanyar neman haƙƙin ba ta da wuya. Ka rubuta ƙorafi ka kai ofishin sufeton ƙwadago na Garwa. Zai kira ku ku biyu ya nemi sulhu, in an daidaita a rubuta a sa hannu, in ba a daidaita ba ya ba ka takardar da za ka shiga kotu da ita. Shari'ar ƙwadago kyauta ce. Ko ba ka da kwantiragi a rubuce, dokar ta yarda a tabbatar da aiki ta kowace hanya: takardun albashi, saƙonnin Orange Money ko MoMo da ake turo maka kuɗi da su, rigar kanti, shaidar abokan aiki. Neman albashi yana da wa'adin shekara 3, amma kada ka ja ƙafa, shaidu suna watsewa. In aka kira ka aka miƙo takarda mai cewa kai ka ajiye aiki da kanka, kada ka sa hannu, domin wanda ya yi murabus ba shi da kuɗin sallama. Ka kuma biya ta ofishin CNPS, hukumar da ke kula da fanshon ma'aikata, ka duba ko ana zuba maka kuɗin fansho. Lambarka taka ce har abada, watannin da aka zuba suna nan suna jiran ka, kuma ana neman wata 180 kafin a ci fansho cikakke a shekara 60.

Shawarata ita ce ka fi karkata ga sulhu. Garwa gari ne da 'yan kasuwa suka san juna, a sahu ɗaya suke sallar Juma'a, a wurin biki ɗaya suke zama. Ka shiga ofishin sufeton da ladabi, ka amsa abin da ka yi, ka tsaya a kan abin da yake naka. Na ga mutane sun fita da kuɗinsu da mutuncinsu ta wannan hanya, har tsohon maigidan ya zama shi ne mai yi musu shaida.

Yanzu ga abin da dokar ba za ta yi maka ba. Ka dubi kura-kuran nan uku da kyau, za ka ga uwarsu ɗaya: ka yarda da baki inda ya kamata ka yarda da biro, kuma ka ji nauyin cewa a'a. Wannan ciwo ne na wanda aka ɗaga daga cikin abokansa. Jiya kuna cin wake da shinkafa a kwano ɗaya, yau an ce kai ne babba, sai ka ga in ka ce wa ɗayansu ƙirga kuɗin nan a gabana kamar ka zarge shi. Ni ma na taɓa faɗawa ramin. A wani wuri da na yi aiki, na sa hannu a takardar karɓar kaya ban ƙirga ba, don direban ya girme ni kuma yana sauri ya kama hanyar Marwa kafin magariba. Katan goma sha biyu na sabulu suka yi ɓatan dabo, sa hannuna ne a ƙasa. Tun daga ranar na sayi littafi mai baƙin bango, na ja layi huɗu a kowane shafi: rana da lokaci, abin da aka miƙa, wanda ya bayar, wanda ya karɓa. Makulli ma sai an rubuta. Da farko yara suka yi ta gunaguni, daga baya su ne ke tuna mini, don sun gane littafin yana kare mai gaskiya a cikinsu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dattijo kuwa in ya zo neman bashi, amsar da ba ta ɓata zumunci ita ce, Baba, kayan ba nawa ba ne, bari in kira mai shi.

Wa zai ɗauke ka? Wanda ka faɗa wa gaskiya kafin ya ji ta a bakin wani. In aka tambaye ka me ya raba ka da wancan wuri, kada ka zagi maigidan, kada ka yi dogon bayani, kada ka ce kai ka bari, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka ce, an samu asara a ƙarƙashin kulawata saboda ban riƙa rubuta miƙa makulli da bashi ba, na ɗauki laifin, ga yadda nake yi yanzu. Ka yi shiru daga nan. Ɗan kasuwar da ya san aiki ya san wanda ya taɓa ƙonewa ya fi kiyaye wuta. Ka yi rajista a ofishin FNE, hukumar samar da aiki ta ƙasa, amma kada ka zauna jiran kiransu. Ka zaga wurin dillalan sari da ke kawo wa kantinku kaya, su suka san ka da aiki, kuma kullum suna neman mai riƙe sito ko mai raka kaya zuwa Marwa da Kusiri da Ngaundare. A babbar kasuwa akwai alhazai masu juya dukiya mai yawa da lissafinsu duk a ka yake, wanda ya iya ƙirgar kaya da tsara littafi yana da abin sayar musu. In muƙamin da ka samu bai kai na da ba, karɓa. Kuɗin sallamar kuma in ya fito, kada ka zuba shi duka a shago ko babur cikin zafin rai, ka ware na hatsi da haya na wata uku tukuna, domin a ƙasar nan babu albashin da ake biyan wanda ya rasa aiki.

Saura fitar nan ta safe, wadda ta fi komai tsaya mini a rai. Ƙanena, kana kashe kuɗin babur da ba ka da shi, kana yini a gindin darbejiya da tunani, ita kuma tana cefane kamar albashi na tafe. Ina kyautata zaton ta riga ta ga alama a fuskarka. Faɗa mata yau bayan isha, in yara sun kwanta, yadda ka faɗa mini, ba ragi ba ƙari. Ita ce za ta san inda za a tsuke a gida, ƙila ma tana da zubin adashi da ya kusa zagayowa. Gobe ka je wurin dattijon. Ranar Litinin da safe ka ɗauki katin shaidarka, da duk takardar albashin da ka samu, da wayarka mai saƙonnin biyan kuɗi, da ƙorafinka kwafi biyu, ka ba da ɗaya a ofishin sufeton, a buga maka hatimi a ɗayan ka dawo da shi gida.