Ina son yin bincike kan aptama da bayosensa, ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, na kammala digiri a fannin bayokemistiri a Jami'ar Jos. Burina in zurfafa karatu kan aptama da bayosensa har in zama malamar jami'a. Akwai hanya kuwa daga nan gida? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo.

Amsa: Ƙanwata, hanya akwai, kuma kin zaɓi fannin da muke da bukatarsa ƙwarai.

Aptama guntun zaren DNA ne ko RNA da kan naɗe kansa ya kama abu guda takamaimai, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. A 1990 aka fito da ita: Craig Tuerk da Larry Gold a Kolorado, sai Andrew Ellington da Jack Szostak a Boston. Dabarar nemo ta, wato SELEX, aikin haƙuri ce. Za ki zuba tiriliyoyin zaruruwa a kan abin da kike nema, ki wanke waɗanda ba su kama ba, ki ninka sauran da PCR, wato dabarar kwafar DNA da yawa a ɗakin gwaji, ki maimaita kamar sau goma. In kika ɗaura wadda kika samu a kan ɗan falle na zinare, kamawarta ta sauya ƙarfin lantarkin da ake aunawa, to kin haɗa bayosensa, wato na'urar gano abu a cikin samfuri.

Abin gwajin maleriya da kike gani a kyamis da furotin na garkuwar jiki yake aiki, kuma zafi na iya lalata shi. Ita kuwa aptama inji ne ke haɗa ta, ta fi jure zafi. Ki tuna yadda ɗakin ajiyar magani a ƙauye yake a watan Afrilu, za ki gane dalilin da ya sa na damu da fannin nan.

Sai dai fa aptama da yawa suna aiki tsaf a ruwan gwaji mai tsabta, da zarar an ɗiga musu jini na gaske sai su rikice. Nan ne gurbinki. Kada ki fara da neman sabuwa, domin kayan aikin daga waje ake sayo su, ga tsada, ga firiza mai son wuta dare da rana. Ɗauki wadda aka riga aka wallafa, misali ta furotin ɗin ƙwayar maleriya da masana a Jami'ar Hong Kong suka yi aiki a kai, ko ta gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masara, ki jarraba ta da samfurin gida, bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ki izini.

Garin Vom na kusa da ke a nan Jos. Ki nemi gurbin koyon aiki a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke can, hannunki ya saba da PCR, ki kuma karanci kimiyyar lantarki da sinadarai. Daga nan sai digiri na biyu, sannan na uku ta tallafin karatu na DAAD na Jamus ko na Commonwealth. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, sai kin zama ma'aikaciyar babbar makarantar gwamnati. Kafin ki rubuta wa kowane farfesa, ki karanta maƙalarsa biyu, ki faɗa masa samfurin da za ki iya samowa daga Filato.