Kwantenata ta maƙale a Tin Can, kuma takardun da sunan ejan suke

Tambaya: Barista, ina sayar da kayan sola a kasuwar Alaba. Na sayo batura da fanel daga China, na damƙa wa wani ejan, mai fito da kaya daga tasha, komai. Kwantenar ta iso tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, yanzu ya ce sai na ƙara kuɗi masu yawa kafin ya fito da ita. Da na duba, ashe sunan kamfaninsa ne a takardun. Mene ne mafita?

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo sauƙi. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi: a tashar jiragen ruwa ba a tambayar wanda ya biya kuɗin kaya. Kamfanin jirgi sunan da ke kan takardar lodi, wato BL, yake kallo, shi zai miƙa wa kaya. Kwastan kuma suna duba sunan da ke kan Fom M, wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, da PAAR, wato rahoton kimanta kaya da Kwastan ke fitarwa. Tunda duk da sunan ejan aka yi su, a idonsu shi ne mai shigo da kayan. Wannan bai raba ka da haƙƙinka ba, domin wakilinka ne, amanarka ce a hannunsa. Amma kai ne za ka kawo hujja.

Saboda haka yau ɗin nan ka tattara rasitin biyan da ka yi wa kamfanin China, da shaidar kuɗin da ka tura wa ejan ta banki, da duk hirarku ta WhatsApp, har saƙon murya. Kada ka goge komai.

Sannan ka nemi ya rubuta maka dalla-dalla inda ƙarin kuɗin zai tafi. Mai yiwuwa ba ƙarya yake ba. Kayan lantarki suna buƙatar shaidar inganci ta SONCAP daga hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, kuma a ƙasar da aka loda kayan ake samo ta. Idan bai yi ba, ko ya rage darajar kayan a takarda, ko ya sa su a rukunin da ba nasu ba don harajin ya sauka, Kwastan za su ƙara kuɗi, har ma suna iya ƙwace kayan a ƙarƙashin Dokar Kwastan ta 2023. Ka ce ya nuna maka takardar kimanta haraji da rasitin banki. Mai gaskiya ba ya ɓoye waɗannan.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Kullum kamfanin jirgi na lissafa kuɗin kwanan kwantena, masu tasha na lissafa na ajiya, kuma kayan da suka daɗe ba a fitar ba Kwastan na da ikon yin gwanjonsu. Shari'a ba ta tsayar da wannan lissafi. Don haka in kuɗin bai fi ƙarfinka ba, shawarata ka biya haraji da kuɗin tasha kai tsaye ga masu su, ba ta hannunsa ba, bayan ya sa hannu a rubuce cewa kayan naka ne. Ka fito da dukiyarka, sannan ka bi haƙƙinka.

Idan ya ƙi, lauya ya rubuta masa wasiƙa da wa'adi, a kai ƙorafi ga Kwanturolan Kwastan na Tin Can, tunda Kwastan ke ba ejan lasisi. In matsalar cajin kamfanin jirgi ce, akwai Majalisar Masu Jigilar Kaya ta Nijeriya a Apapa. Rigima da Kwastan ko kan BL ta Babbar Kotun Tarayya ce, bisa sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999. 'Yan sanda kuwa sai in akwai damfara ƙarara. Ba aikinsu ba ne karɓo bashi.

Kafin odar gaba, ka yi wa kasuwancinka rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka karɓi lambar haraji ta TIN, bankinka ya buɗe maka Fom M da sunanka tun ba a loda kaya ba, inshorar kuma ta kamfanin cikin gida. Ejan ya tsaya a aikin fito da kaya kawai, da yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi ladansa da wanda zai ɗauki kuɗin kwana idan jinkirin daga gare shi ne.