Damtse ba a gaba kaɗai yake ba

Ka ce min, "Maigida, kullum sai na ɗaga ƙarfe ina lanƙwasa hannu har ya yi tsami, amma damtsen nan ya ƙi ƙaruwa. Ina matsalar take?"

To, yaro, miƙe hannunka ka taɓa bayansa, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Naman nan da ka ji yana lilo, shi ne kusan kashi biyu cikin uku na damtse. Tsokar gaba, wadda kake ta yi wa bauta, kai biyu gare ta, aikinta lanƙwasa hannu. Ta baya kai uku gare ta, ita ke miƙe hannu, ita ke tura nauyi. Ka bar babbar da yunwa kana ta ɗura wa ƙaramar. Yawancin samari haka suke yi, don ta gaban ce madubi ke nuna musu.

Ga yadda za ka kama ta bayan. Kwanta a benci, riƙe sandar ɗaga nauyi daidai faɗin kafaɗarka, kada ka buɗe hannu, gwiwar hannu ta bi haƙarƙari. Sauko da ita ƙasan ƙirji, ka tura. Sannan ka zauna, ka ɗaga ƙarfen hannu sama da kai, ka sauke shi bayan ƙeya ka miƙe. Wannan kada ka tsallake shi: kai mafi tsawo na tsokar nan daga allon kafaɗa ya taso, sai hannu na sama yake miƙewa sosai.

Lanƙwasawar ma na ga yadda kake yinta. Ƙugu ke ɗaga maka ƙarfen, kana wurgi da shi kana sakinsa ya faɗo. Rage nauyin, manne gwiwar hannu a jikinka, ka sauke a hankali cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. Saukewar nan ma aiki ce.

Sai maganar "kullum". Tsoka ba ta girma a ƙarƙashin ƙarfe, sai ta huta take gyara kanta ta ƙara kauri. Ba ta kamar awa 48 kafin ka sake taɓa ta. Sau 2 a mako ya wadatar. Ka yi sau 8 zuwa 12 a kowane zagaye, zagaye 3 ko 4. Ran da ka cika 12 ba ka ji a jikinka ba, ƙara kilo 1 ko 2, ka rubuta a littafi. Nauyin da jiki ya saba da shi ba ya ƙara masa komai.

Kada ka yi wasa da jan nauyi na gadon baya, shi ma yana cika ƙwanji. Ƙafafu kuwa, wannan faɗan wata rana ne.

Ka ci furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, kamar giram 1.6 ga kowane kilo na jikinka a rana. Mai kilo 70 ke nan giram 112. Barci awa 7 zuwa sama. In kuma ka ji suka a cikin gaɓa, ba tsamin nama ba, ajiye ƙarfen nan take ka kira ni in duba riƙonka.