Tambaya da Amsa: Yaya Za Mu Sa 'Yan Jarida Su Kula da Gasarmu ta Kiwon Lafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina cikin wani ƙaramin kwamiti a nan Zariya da ke karrama ma'aikatan lafiya waɗanda suka ƙirƙiro wata dabara da ta sauƙaƙa wa marasa lafiya. Bara mun kama zauren taro, mun raba katin gayyata, 'yan jarida sun zo, amma abin da ya fito bai wuce hoton babban baƙo da layi uku ba, kuma waɗanda suka shiga gasar ba su kai goma ba. Ina muka yi kuskure?
Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan ƙoƙari. Daga bayaninki, na fahimci cewa ba ku nemi 'yan jarida ba sai ranar biki, alhali kuwa ranar biki ita ce mafi ƙarancin labari a cikin duk aikin. Wakilin da ya shigo zaure ya tarar da jawabai da miƙa lambar yabo, abin da ya saba gani ne duk mako, don haka sai ya ɗauki maganar wanda ya fi kowa muƙami ya tafi. Labarin da edita yake nema yana can inda aka yi aikin.

A ce akwai wata ungozoma a ƙaramin asibiti a yankin Soba ko Giwa, wadda ta lura cewa mata suna zuwa awon ciki sau ɗaya su ɓace, sai ta sayi littafi ta riƙa rubuta lambar wayar maigida, tana bugawa ana jibi ranar awo. Idan kuka kai wakilin rediyo wajenta da hantsi, ya ga littafin da gefensa ya yi baƙi saboda yawan buɗawa, ya ji muryarta da ta matan da ke zaune a kan benci, ya ƙirga da kansa mata nawa suka dawo a watan jiya, to ya sami rahoton minti biyar, kuma sunan gasarku zai shiga ciki ba tare da kun roƙa ba. Irin wannan rahoto ne ke sa wata ungozomar ta ce ashe ita ma tana da abin nunawa, kuma ta nan ne yawan masu shiga gasa zai ƙaru.

Saboda haka ku fara tun watanni uku ko huɗu kafin biki. Ku sanar da buɗe gasa, ku bayyana alƙalai da ma'aunin da za su yi amfani da shi, sannan ku riƙa fitar da waɗanda suka kai zagayen ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. Idan hali ya yi, ku haɗa wata sanarwar da 7 ga Afrilu, Ranar Lafiya ta Duniya, domin a makon nan editoci suna neman labarin lafiya na gida.

Batun harshe kuwa ina so ki riƙe shi da kyau. A nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, amma har gobe kwamitoci suna rubuta takardar manema labarai da Turancin likitoci kawai, su bar wa wakili wahalar fassara, wanda a nan ne ake samun kuskure. Ku rubuta ta da Hausa da Turanci, shafi ɗaya, jimlar farko ta faɗi wane ne ya yi me, a ina, kuma me ya canza. Ku aika wa Rediyon Tarayya Kaduna, da gidajen rediyon jiha da na masu zaman kansu, da jaridar Aminiya, ku haɗa da gajeren saƙon murya da hotuna ta WhatsApp. Kada ku raina ɗaliban sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, domin suna neman abin da za su yi rahoto a kai. Ku ware mutum ɗaya tak da zai yi magana da yawun kwamiti, wanda zai ɗaga waya ko da bayan la'asar ne, lokacin da ake rufe labarai.

Akwai iyakoki guda biyu da ba a tsallakewa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan mara lafiya, don haka kada a ɗauki hoto ko muryar kowa sai da yardarsa a rubuce, kuma ga matar aure al'adarmu ta sa ya kyautu a sanar da maigidanta tun da wuri. Haka kuma kada takardarku ta ce wani abu yana warkar da cuta, musamman idan haɗin magani ne da bai sami rajistar NAFDAC ba. Ku nemi wani likita, daga Asibitin Koyarwa na Shika ko wani wurin, ya duba duk wata da'awa kafin ta fita, domin gyaran labarin da ya riga ya shiga kunnen jama'a abu ne mai wuya.

Na san za ki so jin matsayina game da ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida da sunan kuɗin mota. Ɗaukar nauyin kai wakili ƙauye ya ga aiki da idonsa ba laifi ba ne, in dai an yi shi a fili. Amma idan kuna son a karanta sanarwarku kalma da kalma, wannan talla ce, sai ku je sashen kasuwanci ku biya a ba ku rasit.

Ranar bikin kanta, ku taƙaita jawabai, ku tanadi ɗaki mara hayaniya inda za a yi hira da waɗanda suka yi nasara, kuma ku riƙe sunayensu a rubuce daidai don raba wa wakilai. Bayan wata shida ku sake kiran wakilan da suka yi muku rahoto, ku koma da su wajen wadda ta zo ta ɗaya, a ga abin da ta yi da kyautar, sannan a ranar ku sanar da buɗe gasar baɗi.