Tambaya da Amsa: Wai ƙuri'a tana taɓa aljihun talaka kuwa?

TAMBAYA: Malam ni dai wallahi na gaji, mai kuɗi kullum ƙara kuɗancewa yake, mu kuwa albashi ko sati biyu ba ya kaiwa. Wai zaɓe yana canza wani abu ne ko jari-hujja ne kawai ke juya mu? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Yana canzawa mana, amma ba kowanne ba. Tambayi dattawan unguwarku yadda ake yi da talaka zamanin haraji da jangali, a tsare magidanci a ƙofar dagaci don bai biya ba, Bafulatani kuwa yana can yana ɓoye shanu a daji. To a 1979 da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke harajin da jangalin, ba kasuwa ce ta ji tausayin kowa ba, ƙuri'a ce ta yi aiki.

Haka kuma ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, ai wannan ma siyasa ce, sai dai ta juya mana baya. Mafi ƙarancin albashin naira 70,000 na Yulin 2024 kuwa sai da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka yi yajin aiki kafin a sa hannu, kuma gaskiya ya yi kaɗan, lokacin ko buhun shinkafa da ƙyar zai saya.