Tocila da Kare Kai: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Da dare nake tashi daga aiki. Tocilar wayata za ta iya kashe idon wanda ya tare ni a hanya?

Amsa: Ba za ta iya ba, 'yar'uwa. Ƙwan da ke bayan waya don ɗaukar hoto aka yi shi, haskensa bazuwa yake yi ko'ina, kuma a yawancin wayoyi bai kai lumen 100 ba (lumen ma'aunin yawan haske ne). Kafin ma ki ciro wayar ki lalubo inda ake kunnawa, mai zuwa ya riga ya iso, ga shi kin fito masa da abin da ya zo nema. Ki samu tocila daban, ki riƙe ta a hannu tun kafin ki shiga duhu, kada ki bar ta a ƙasan jaka.

Tambaya: Na ga wata an rubuta lumen 100,000 a kwalinta. Ita ce ta fi dacewa?

Amsa: Ƙaramar tocila mai batir ɗaya ba ta ba da wannan haske, rubutun kwali ne kawai. Kuma lumen ba shi kaɗai ake dubawa ba. Lumen jimillar hasken da ke fita ne, kandela kuwa ƙarfin hasken a tsakiyar inda aka auna. Wanda ke kashe ido shi ne kandela. Tocila biyu za su iya zama lumen 1,000 kowacce, ɗaya ta haska ɗaki gaba ɗaya, ɗayar ta tara haskenta wuri guda saboda zurfin madubin da ke kewaye da ƙwan. Ta biyun kake so. Lumen 500 zuwa 1,000 da kandela 10,000 ko sama sun wadatar. A ma'aunin gwajin tocila na ANSI FL1, wanda kamfanonin kirki ke bi tun 2009, kandela 10,000 na nufin haske ya kai mita 200. In ba ka ga kandela ko nisan haske a kwali ba, ka yi shakka.

Amma ka san iyakar abin. Idon da ya saba da duhu, in haske mai ƙarfi ya doke shi, mutum zai runtse ko ya kau da kai, ya rasa ganinka na 'yan daƙiƙu. Iyakarta ke nan. Waɗannan daƙiƙun na matsawa gefe ne, da ihu, da gudu zuwa inda mutane suke. Da rana ko a wuri mai fitilu, tasirin yana raguwa sosai. Babban amfaninta ma kafin a kai nan ne: ka haska lungu, bayan mota, da hannun mai tahowa tun yana nesa.

Tambaya: Tawa sai na danna sau huɗu kafin ta kai haske mai ƙarfi. Akwai gyara?

Amsa: A ganina wannan ya fi ƙarancin lumen illa. Mutum in ya firgita yatsunsa ba sa ƙirga danni. Nemi mai makunni a gindi, wadda babban yatsa ke samu ko ba ka duba ba, kuma dannin farko ya ba da cikakken haske. Wasu in ka taɓa kaɗan su kama, ka saki su mutu, wannan shi ne daidai. Ka dunƙule ta a hannu, ƙwan ya fito ta wajen ƙaramin yatsa, ka ɗaga zuwa gefen fuskarka. Ka haska, ka kashe, ka canja wuri, domin haske yana nuna inda kake.

Hasken nan mai ƙyaftawa da sauri, ban cika ba shi muhimmanci ba. Yana rikita mai riƙe da tocilar shi ma, kuma yana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa.

Tambaya: Bayan minti biyu haskenta ya ragu, kanta ya yi zafi. Ta lalace ne?

Amsa: Lafiyarta lau. Tana rage haske da kanta don kada zafi ya ƙona ƙwan. Batir ɗin dai za ka bincika: in mai caji ne samfurin 18650, duk wanda aka rubuta wa mAh 9,900 (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) jabu ne. Ka duba cajinsa duk wata. In za ka ajiye ta cikin jaka, sassauta murfin gindin kaɗan, don in ta kama da kanta tana iya ƙona yadi. Kada ka bar batir tsirara a aljihu tare da makullai ko sulalla, in ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu wuta na iya tashi.

Tambaya: Tocila mai haƙora a baki, ko mai jan mutum da lantarki fa?

Amsa: Duka biyun sai abokin gaba ya zo dab da kai suke aiki, abin da kake gudu ke nan. Sannan doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, tocila mai jan lantarki haramtaccen makami ce, mallakarta kaɗai laifi ne, kuma mai kaifin haƙora ana iya ƙwace ta a filin jirgin sama. Binciki dokar inda kake kafin ka saya.